Uku Suka Zo, Ɗaya Ya Koma

A ranar 4 ga Disamba 1893 jirgin ruwa ya sauke wasu samari uku a Legas. Walter Gowans ɗan asalin Sikotilan ne da iyayensa suka zauna a Toronto ta ƙasar Kanada. Thomas Kent daga Buffalo ta Amurka ya fito. Na ukun, Rowland Bingham, haifaffen Ingila ne, kuma a ranar da ya taka ƙasarmu saura masa 'yan kwanaki ya cika shekara 21. Babu wanda ya kai talatin a cikinsu. Ba su da ƙungiyar da ta tsaya musu, ba su da albashi, ɗan guzurin da ke hannunsu ma bai taka kara ya karya ba. Manyan ƙungiyoyin mishan na Birtaniya da Amurka duk sun ce musu a'a, wasu don rashin kuɗi, wasu don sun san ƙasar tana cin Turawa.

Inda suka nufa shi ne abin da ake kira Sudan a wancan zamani, wato shimfiɗar ƙasar da ta taso daga wajen Senegal har zuwa kogin Nilu, ƙasar Hausa da Borno suna tsakiyarta. Sun zo a mugun lokaci. A shekarar ce Rabeh ya ci Kukawa, a ƙarshenta kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Tukur da Yusufu. Shugaban mishan ɗin Metodis da suka tarar a Legas bai ɓoye musu komai ba. Ya faɗa musu cewa ba za su ga Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai ko jikokinsu.

Asalin tafiyar daga wata uwa ta taso, Margaret Gowans. Ita ce ta ji Bingham yana wa'azi a Toronto, ta gayyace shi gida cin abinci, ta zaunar da shi tana ba shi labarin miliyoyin mutanen da ɗanta Walter ya ƙudura zai je wurinsu. Bai bar gidan da kwanciyar rai ba. Cikin 'yan makonni ya haye teku ya tarar da Walter a Ingila.

Zazzaɓin cizon sauro bai bar su sun huta ba. Bingham ya fara kwanciya, jikin ya yi tsanani, aka yanke shawarar ya zauna a Legas ya riƙa karɓar saƙo yana tura kaya. Sauran biyun suka kama hanyar arewa. Da kaya suka ƙare Kent ya juyo bakin teku don ya ɗebo wasu, Gowans ya ci gaba shi kaɗai da 'yan rakiyarsa. A hanya ya faɗa hannun rundunar wani sarki da ya fito harin bayi, aka ƙwace kayansa, daga baya aka sake shi. Ciwo da yunwa sun riga sun gama da jikinsa. A watan Nuwamba 1894 ya rasu a Girku, wani ƙauye a ƙasar Zazzau, babu ɗan'uwa ko ɗaya a kansa. Kent kuwa yana kan hanyar komowa da kayan, bai wuce Bida ba. Ya rasu a can a watan Disamba, makonni kaɗan bayan abokinsa. Ba su gina majami'a ba, ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba.

A 1895 Bingham ya koma Kanada da ɗan abin da ya rage na kayan Walter, ya tafi ya kai wa uwar. Ku tsaya ku dubi wannan shiga gida. Yaron da ta ciyar a teburinta ya dawo da ƙafarsa, nata ɗan yana cikin ƙasa a wani ƙauyen da ba za ta taɓa gani ba. Bingham ya ba da labari daga baya cewa ta tarye shi ta miƙa masa hannu, suka tsaya riƙe da hannun juna an jima ba wanda ya ce uffan. Da ta buɗe baki, abin da ta faɗa shi ne ta gwammace Walter ya je Sudan ya mutu can shi kaɗai, da a ce yana zaune a gida yau yana saɓa wa Ubangijinsa.

A yawancin wuraren da ake ba da wannan labari, a nan ake tsayawa a share hawaye, sai a tsallaka zuwa ga nasara. Ni kuwa abin da ya fi kama ni shi ne abin da ya faru a zuciyar wanda ya rayu.

Bingham ya dawo da bangaskiya a girgize, shi da bakinsa ya faɗi haka. Ya tafi Afirka ne yana riƙe da wata koyarwa da ta yi ƙarfi a Amurka a lokacin, wadda ke cewa Almasihu ya ɗauke cututtukan jikinmu a kan gicciye daidai yadda ya ɗauke zunubanmu, saboda haka mai bi na gaske yana da haƙƙin lafiya a yau, muddin bangaskiyarsa ta cika. To ga Gowans da Kent, waɗanda suka bar kome, sun mutu kamar kowa. Idan koyarwar gaskiya ce, ɗayan biyu ne: ko dai abokansa ba su da isasshiyar bangaskiya, ko kuwa Allah bai cika alkawari ba. Ya san na farko ƙarya ne, domin ya zauna da su. Na biyun kuwa ba abin da zai iya rayuwa da shi ba ne. Sai ya koma ga Littafi Mai Tsarki yana tambayar abu guda: me mutuwar Almasihu ta saya mana, me kuma ba ta ce ta saya ba? Ya kuma shiga wani asibiti a Cleveland ya koyi abin da ya sawwaƙa na aikin magani, ya yi karatun Littafi a New York. Shekaru da yawa bayan haka, a 1921, ya fitar da littafi a kan wannan batu mai suna The Bible and the Body.

Amsar da ya samu tsohuwar amsa ce ta ikilisiya, sai dai shi ya biya ta da tsada. A Littafin Firistoci sura 16, ranar kafara sau ɗaya take zuwa a shekara. Ana kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya, babban firist ya shiga da jininsa wuri mafi tsarki. Ɗayan kuwa sai ya ɗibiya hannuwansa a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, a kore shi zuwa jeji ya tafi da su. Baɗi a sake, baɗin baɗaɗa ma haka. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce wannan maimaitawar ita kanta shaida ce cewa jinin dabba bai gama aikin ba, domin da ya gama da an daina. Abin da Kirista ya gaskata shi ne Yesu Almasihu, wanda ba shi da laifin kansa, ya tsaya a matsayin masu laifi, ya miƙa kansa sau ɗaya, aikin ya ƙare. Mai ba da hadayar Allah ne, ba mutum ba. Abin da aka saya kuwa gafara ce da sulhu da Allah. Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa a sura ta 2 cewa ceton nan baiwa ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba ce, don kada wani ya sami abin fahariya.

Jiki fa? Littafin bai yi shiru ba. Allah yana warkarwa, an kuma umarce mu mu yi wa marasa lafiya addu'a. Amma Bulus ɗin nan da ya warkar da wasu ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, shi kansa ya roƙi a cire masa wata ƙaya a jiki har sau uku ba a cire ba, aka ce masa alherin ya ishe shi. A Romawa sura 8 fansar jiki abu ne da ake jira har ranar tashin matattu. Da Bingham ya ga haka sai nauyi ya sauka daga kan kaburburan nan biyu. Abokansa ba su kasa ba, Allah kuma bai yi ƙarya ba. Ba a taɓa yi musu alkawarin sauro ba zai cije su ba.

Akwai kuma ɗaya gefen maganar, wanda mu masu son labarin jarumtaka muke yawan mantawa. Mutuwar Gowans ba ta biya zunubin kowa ba, ko nasa. Bai je Girku don ya sayi aljanna ba. Ya tafi ne domin a ganinsa an riga an saya masa, kyauta, shi ya sa ransa ya daina zama abin ɓoyo a gare shi. Hadayar da ke kawo gafara ɗaya ce, an gama ta. Duk wadda ta biyo baya, ko ta rai ce ko ta kwanon dawa, godiya ce.

Bingham ya sake gwadawa a 1900. Zazzaɓi ya sake kayar da shi a Legas, aka sa shi a jirgi aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa biyu suka karaya suka biyo shi. Sau biyu ke nan ya dawo hannu rabbana. A karo na uku shi bai zo ba, ya tsaya yana neman mutane da kuɗi, waɗanda ya turo suka kafa tashar farko a Patigi ta ƙasar Nupe a 1902. Lokacin duniya ta riga ta san abin da samarin farko ba su sani ba, domin a 1897 ne Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da cutar. Cikin waɗanda suka iso a 1902 akwai Andrew Stirrett, mai shagunan sayar da magani a Toronto, wanda ya sallama dukiyarsa ya zo, Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 tare da Dakta Walter Miller na Zariya, ya kuma rasu a Jos a 1948. Ƙungiyar da ta fara da kaburbura biyu, wadda aka sani da SIM, ta zama mai asibitoci da ɗakunan shan magani da wuraren jinyar kutare.

Ta kudu labarin ya shigo ƙasar Gombe. Turawan mulki, bayan sun gama yaƙi a Bormi a 1903, galibi ba su yarda 'yan mishan su zauna a garuruwan sarakunan Musulunci ba, don haka aka nufi duwatsu. A 1917 John Hall da Gordon Beacham suka sauka a Kaltungo cikin Tangale. A lokacin ma Gombe da muka sani ba ta zama hedikwata ba, sai a 1919 aka dawo da mazaunin sarauta nan Doma. Hall ya zauna ya koyi harshen, ya rubuta abin da dattawa suka faɗa masa game da addininsu, rubutun da aka buga a Jamus a 1994, shekaru da yawa bayan ya bar duniya. Mutanen da ya tarar ba baƙi ba ne ga hadaya. Sun san Yamba, Allah na sama, sun kuma san cewa idan an yi laifi ko cuta ta shigo gida sai an zub da jinin kaza ko akuya, a zuba giya, a nemi sulhu da waɗanda aka ɓata wa rai. Ba sai an koya wa Batangale cewa laifi yana da farashi ba. Sabon abu a kunnensa shi ne a ce masa wanda aka yi wa laifin shi ne ya kawo abin yankan, kuma ba za a sake neman wani ba. Mutumin da kowace damina yana lissafin akuyar da zai rasa ya fi mai digirin tauhidi saurin gane nauyin wannan magana. Zuwa 1932 Sabon Alkawari ya fito cikin harshen Tangale.

Daga ikilisiyoyin SIM ne aka kafa ECWA a 1954. 'Ya'yan Tangale da Waja da Tula da Tera da sauransu suka biyo aiki da kasuwa da jirgin ƙasa zuwa cikin garin Gombe, suka zo da sujadarsu, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Yau in ka zaga Tudun Wada ko Bolari ko Tunfure da safiyar Lahadi za ka ji ta ko'ina. Matan zumunta sanye da zane iri ɗaya, tulun kiɗa a cinya, wata tana buga bakinsa da ɗan faifan soso, sauti mai zurfi yana fita kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Lokacin baiko layi-layi ake tasowa ana rawa zuwa gaba, tsohuwa ta kwance bakin zane ta ciro naira hamsin da ta naɗe, ta saka a kwano ta wuce tana murmushi. Shugaban Metodis ɗin nan na Legas ya ce sai jikoki. Amma Bingham da kansa ya dawo ya zaga tashoshin arewa kafin ya rasu a 1942.

Wannan murmushin tsohuwar nake jin tsoron mu rasa. Koyarwar da ta kusa karya Bingham ta dawo mana da sabuwar riga, ta kuma zo da farashi a rubuce. Ana cewa ka shuka iri na dubu goma ka girbe miliyan. Ana sayar da ruwa da mai da hankici. Matar da ta yi shekara bakwai ba haihuwa ana ce mata hadayarta ce ba ta yi ciwo ba, ta ƙara. Mai hawan jini ana ce masa ya zubar da ƙwayoyinsa don ya nuna bangaskiya, in ya faɗi kuma a ce shakka ya yi. Wannan ba bishara ba ce. Mai da mutane ne ga lissafin akuya, wanda kakanninmu suka yi murnar fita daga cikinsa. Kuma zalunci ne a ɗora wa mara lafiya laifin ciwonsa a kan ciwon.

Gicciye bai yi wa masu bi na Gombe alkawarin tsira daga wahala ba, mun kuwa gani. A daren 5 ga Janairu 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu addu'a a wata majami'ar Deeper Life a cikin garin nan, aƙalla mutum shida suka mutu, har da matar faston. A daren Ista na 2019 wani jami'in tsaro ya afka da mota cikin jerin gwanon yaran Boys' Brigade, yara da matasa da dama suka rasu, waɗanda suka fusata kuma suka kashe shi nan take. Na san zafin da ya kai su ga haka, ba na raina shi. Amma dole a faɗa: jininsa bai dawo da yaro ko ɗaya ba, bai kuma wanke kome ba. Wasiƙar Ibraniyawa ta gwada jini biyu, na Habila wanda ya yi kuka daga ƙasa a kan ɗan'uwansa, da na Yesu wanda ke faɗar magana mafi kyau. Wanda ya gaskata an riga an biya bashinsa da jinin wani ba shi da hurumin fita neman jini. Hukunci aikin hukuma ne, a matsa mata ta yi shi.

A Kaltungo ɗin nan da Hall ya sauka akwai asibitin masu saran maciji, wanda ake kawo mutane daga jihohi da dama. Kububuwa ce ta fi yin ɓarna, musamman lokacin shuka da girbi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya riƙa zub da jini ta dasashi da tsofaffin miyaku, wani lokaci har cikin kai. Ma'aikacin jinya yakan ɗebi ɗan jini ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, ya ajiye minti 20, sannan ya karkata ta. In jinin ya kwarara kamar ruwa, dafi ya shiga. Maganin da ake kira EchiTAb yana da labari mai ban mamaki. An kama macizan Najeriya aka kai su Liverpool aka tatsi dafinsu, aka riƙa sa shi kaɗan-kaɗan a jikin tumaki a Wales da dawaki a Kosta Rika, daga jinin dabbobin nan aka tace maganin. An gwada shi a kan majinyata 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010. Manomin da aka shigo da shi a kan babur ba shi da abin da zai ƙara wa wannan magani. Ƙarfinsa ba zai taimaka ba, kirkinsa ma haka. Wani jiki ne ya karɓi dafin a madadinsa, nasa kawai ya miƙa hannu a sa allura. Tunkiyar Wales ba ta mutuwa, a nan misalin ya gaza. Amma Yesu da kansa, a Yahaya sura 3, da ya so ya bayyana mutuwarsa ga Nikodimu, labarin waɗanda macizai suka sara a jeji ya ɗauko, waɗanda aka ce su ɗaga ido kawai su duba su rayu.

Mutane da yawa suna isa asibitin nan a makare, bayan an ɓata kwana biyu ko uku ana tsaga da shafe-shafe, wasu kuma a ɗakin addu'a aka ajiye su. Ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, daga cikin garin Gombe har ƙauyukan Billiri da Balanga da Shongom: ku faɗa wa jama'a daga kan bagade cewa gafarar Allah ba ta sayarwa ba ce, ku daina barin ana karɓar kuɗin gwauruwa da sunan iri, kuma duk wanda maciji ya sara a ɗauke shi zuwa Kaltungo a ranar, a yi masa addu'a a kan hanya.